Tazarar Reza Huɗu

"Ka tada motar Yunusa da hannunka, ka kai ni Zabori a cikinta. A can za ka ji amsata."

Abin da Hajiya Zeinabu ta ce min ke nan, ranar wata Laraba bayan la'asar, a tsakar gidanta da ke bayan tashar Gaya. Tana zaune kan tabarma cikin atamfa shuɗiya mai zanen kifi, ƙafafunta ɗaure da leda saboda lalle, tana tsinke zogalen da za ta yi kwaɗon da muke kira kopto. Ko kallona ba ta yi ba.

Na ce, "Haba Hajiya. Mata na neman zinari, ke kina neman katsankat da ta shekara talatin da huɗu a kwance? Bari in zaɓo miki mai sanyi cikin waɗanda nake sayarwa."

"Mai sanyin ka riƙe ta, ka ɗauki 'yan matan zamani. Tsohuwa kake nema, tsohuwa za ka tada."

"To na ji."

"Ba ka ji ba, da saura. A nan gidan za a yi aikin, ba a garajinka ba. Kuma ɗiyata Nasiba za ta tsaya tare da kai, daga ƙusar farko har ta ƙarshe."

Wannan sharaɗin bai yi min daɗi ba. Amma namiji ya riga ya buɗe baki. Na ce na yarda. Ta ce, "Allah ne shaida." Na ce, "Shi ne." Sai ta tura min kwanon zogalen, wai in taya ta tsinka tunda ba ni da aikin yi.

Ku da kuke karanta wannan, sunana Cha'ibu. Shekarata sittin da ɗaya. Lakwal aji uku na yi, sauran karatuna a ƙarƙashin mota na yi shi. Na yi kanikanci, na ja kamiyo, babbar motar kaya, daga Kwatano har Agadas, daga baya na koma dillancin motoci, kuma a harkar nan ba a taɓa sayar min da biri a matsayin akuya ba. Matata Kaltuma ta rasu shekara uku da suka wuce. Da na ce zan nemi Zeinabu, ɗana Hashimu ya aiko min vokal, wato saƙon murya, daga Yamai, minti biyu cur: "Baba, don Allah ka duba girmanka, matar amininka ce fa, mutane za su yi magana." Na mayar masa da na daƙiƙa biyar: "Mutanen su zo su dafa min tuwo."

Abin da Hashimu bai sani ba, na riga Yunusa ganin Zeinabu. Ni da shi tare muka koyi aiki a hannun marigayi Labo, tabarma ɗaya muke kwana. Shi Allah ya buɗa masa da wuri, ya sayi Pijo 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira katsankat, yana jigilar gishirin Foga da rake. Ni ina nan da baƙin mai har gwiwar hannu. Shi aka ba. Ni na yi abokin ango.

Shekara biyu bayan bikin, cikin bazara, ya ɗauki Zeinabu da cikin fari zai kai ta goyon ciki gidan iyayenta a Zabori. Bayan sun wuce Bana, rana tsaka, injin ya cije. Ya bar ta a inuwar motar ya tafi ƙauye neman amalanke. Bai kai ba. Fulani suka tsince shi cikin ciyawa, kububuwa ta sare shi, ƙishi ya ƙarasa sauran. Cikin nan shi ne Nasiba. Ba ta taɓa ganin ubanta ba.

Wanda ya haɗa injin nan kwana ɗaya kafin tafiyar, ni ne.

Shanu suka jawo motar gida. Zeinabu ta sa aka yi mata rumfa, ta hana kowa taɓa ta, ta kuma ƙi aure. Maƙwabta na cewa duk bazara, da azahar in gari ya yi tsit, sukan ji oda sau ɗaya daga rumfar nan. Motar da ba ta da batir. Ni ban taɓa ji ba, amma shekara talatin da huɗu ban bi ta layin nan da azahar ba.

Ranar da muka yaye tamfol, kaji suka watse daga ƙarƙashinta. Tasbahar Yunusa na nan rataye a madubi. Kujerar direba ta lotsa daidai zamansa, kamar yanzu ya tashi zai dawo. A ƙofar baya, rubutun da ya sa aka yi da jan fenti bai gama gogewa ba: SANNU BA TA HANA ZUWA.

Nasiba ta shafa rubutun da yatsa. Mace ce mai shekara talatin da huɗu, ta yi karatun kanikanci a Dosso, yanzu ita ke shugabantar garajin wani kamfanin jigila, maza goma sha biyu na ƙarƙashinta. Ta zo da shuɗin kayan aiki, ta cusa hijabinta a wuyan riga. Goshin Yunusa ne sak. In ta sunkuya kan inji sai in kawar da kai.

Dabarata mai sauƙi ce. In riga ta buɗe injin, in kwashe tsofaffin segiman in zuba a aljihu, in jefa su a kogi. Amma duk safiyar da na iso, ko da ƙarfe bakwai ne, sai in tarar da ita zaune kan benci tana shan kunu. "Baba Cha'ibu, ka makara." Da muka cire kulas, murfin kan injin, muka zaro piston huɗun, kowanne ta sa shi a kwanonsa, ta rubuta lamba, ta kai ɗakin uwarta ta kulle. Piston na uku ya fashe daga sama, bangon shemiz ɗinsa, ramin ƙarfen da yake hawa da sauka a ciki, kamar kura ta yi wasa da shi.

Sabbin kaya suka zo daga Malanville, can ƙetaren kogi, a kwale-kwale, sati biyu muna jira. A tsakanin nan kullum da hantsi sai Zeinabu ta aiko vokal daga shagonta na atamfa: "Malam Cha'ibu, yaya jikin maras lafiyarmu?" In ce da sauƙi. Ta ce, "A dai duba ta da kyau. Ciwon da ke ciki shi ne ciwo." In saurara sau uku, ina neman abin da ke ƙarƙashin maganar.

Bari in gaya muku mene ne segiman, don ku gane abin da ya hana ni sukuni. Zobe ne na ƙarfe da ke kewaye piston, shi ke tare iska da wuta kada su zurare. Amma ba rufaffen zobe ba ne, yana da baki, kamar munduwar da ake buɗewa a sa a hannu. Bakin nan dole a bar masa tazara. In ta yi yawa, mota ta rasa ƙarfi ta yi ta hayaƙi. In ta yi kaɗan, to ka haƙa kabari. Labo yakan ce, "Ƙarfe ɗan Adam ne, in ya ji zafi sai ya kumbura. Ka bar masa wurin kumburi. In ka hana shi, bakin zai haɗu da baki, ya rasa inda za shi, ya ci bango ya ci kansa."

Labo ba shi da ma'auni irin na Nasara. Da rezar aski yake awo. A sa zoben shi kaɗai cikin shemiz, a juya piston a danna shi da kansa har ya zauna daidai ba karkace ba, sannan a haɗa reza huɗu a zura a bakin. Su shiga da ɗan ja, ba da ƙarfi ba, ba kuma su faɗa ba. In huɗu sun ƙi shiga, a fito da shi a goga da magagari, gefe ɗaya kawai, daga waje zuwa ciki, sau uku, a mayar a sake aunawa. Wanda ya yi ganganci, Labo da bel ɗin fanka yake masa bayani.

Ranar haɗawa na ciro rezojina daga aljihu. Nasiba ta ƙyalƙyale da dariya.

"Baba Cha'ibu, aski za ka yi wa motar?"

"Ke dai kawo naki na 'yan lakwal mu gani."

Na sa zoben farko, na danna, na zura. Uku suka shiga, ta huɗu ta ƙi. Na fito da shi na ɗaure magagari a bakin benci. Ƙis. Ƙis. Ƙis. Wannan ƙarar, jama'a, ita ce ke bina. Ina jin ta a cikin sahun salla, ina jin ta in ana dakan gero a maƙwabta. Na mayar, huɗu suka shiga da ɗan ja. Nasiba ta zura nata ma'aunin mai ganye-ganye, ta duba lambar, ta dube ni.

"Sifili da arba'in. Daidai da littafi. Ashe rezarka ta yi lakwal."

"Ta fi ki aji."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane zobe a ramin da zai zauna, ina gogewa tana share ƙaiƙayin bakin da dutse mai laushi. Da muka ɗora su a piston na nuna mata yadda ake rarraba bakunan, wannan gabas wannan yamma, kada su yi layi iska ta samu hanya. Ta ce ta sani, amma ta bar ni na faɗa. Har na fara jin daɗi. Har na fara cewa a raina, wataƙila abin ya wuce.

Sai ta shiga ɗakin uwarta ta fito da kwano mai lamba ɗaya.

Piston na ɗaya bai fashe ba. Ta zare tsohon zobensa a hankali, ta wanke da esansi, wato fetur, ta sa shi a tsohon shemiz ɗinsa, ta danna da kan piston yadda na yi. Ta miƙo hannu. "Ara min rezarka."

Huɗu suka ƙi. Uku suka ƙi. Biyu suka ƙi. Ɗaya ta shiga, da ƙyar.

Ta ɗaga zoben ga rana. Bakinsa biyu na ƙyalli kamar an goge su da toka, alamar sun daɗe suna cin juna. Babu zanen magagari ko ɗaya.

"Wannan ba a taɓa goga shi ba," in ji ta. "Daga kwali aka ciro shi aka sa. Ba ruwa ne ya ƙare wa babana ba, ba mai ba ne. Baba Cha'ibu, wa ya yi wa injin nan aikin ƙarshe?"

Azahar ta yi. Gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Na dubi tasbahar da ke madubi, wallahi sai na ga kamar tana lilo, alhali babu iska.

Na ce, "Labo ne. Allah ya jiƙansa, lokacin idonsa ya fara mutuwa."

Mutumin da ya ciyar da ni shekara tara. Mutumin da ya sa min magagari a hannu. Ya shekara ashirin a kabari ba ya iya cewa ƙarya ne, shi ya sa na zaɓe shi.

Nasiba ta ce, "Allah ya jiƙansa." Ta ɗauki hoton zoben da salularta, na ji ƙarar tafiyar saƙo. Ba a yi minti biyu ba tawa ta yi ƙara. Zeinabu ce. Vokal ɗin daƙiƙa huɗu ne: "Na gani. Allah ya jiƙan Labo." Shi ke nan.

Motar ta tashi a bugu na biyu. Unguwa ta cika, tsofaffi na salati, wata maƙwabciya ta fashe da kuka da ta ji odar. Sati biyu ina zagaya gari da ita a hankali don zobban su zauna, daga tasha zuwa bakin kogi, daga bakin kogi zuwa kasuwa. Injin na kaɗawa kamar agogo. Ban taɓa haɗa inji mai daɗinsa ba, kuma ban taɓa tsanar ƙarar inji kamar tasa ba.

Ranar Asabar da hantsi muka kama hanya. Zeinabu ta sa farin leshi da mayafi ruwan toka, ta yi turaren wuta har ya danne warin tsohuwar kujera. Ta zauna a gefena. Nasiba ta hau baya da akwatin kayan aiki da jarkar ruwa. Ni kuma na zauna cikin lotsawar Yunusa, wadda ta fi ni faɗi.

Muka wuce Bana. Allurar zafi na tsaye a tsakiya, ko gezau. Da muka kai wani wuri mai giginya biyu a hannun dama, ɗaya ta karkace, sai Zeinabu ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan."

"Ba mu kai Zabori ba, Hajiya."

"Na san hanyar garinmu. Tsaya."

Na kashe mota. Injin ya shiga ƙaran nan na ƙarfe in yana hucewa, ƙyas, ƙyas. Nasiba ta sauka ta tafi gindin giginya ta ɗaga hannu tana addu'a. Zeinabu na kallon gaba.

"A nan ta tsaya," ta ce. "Ya buɗe gaba, ya duba ruwa, cike. Ya duba mai, cike. Ya sa hannu ya juya injin, ya ƙi. Sai ya yi dariya. Ka san dariyarsa. Ya ce, 'Cha'ibu bai goga segiman ba. Sauri ya yi don in samu motata. Kada ki gaya masa na gane, kunya za ta kashe shi. In mun koma ni zan ce ruwa ne ya ƙare.' Ya ba ni butar ruwan duka, ya tafi. Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya, Malam Cha'ibu. Rufa maka asiri."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Shekara talatin da huɗu na riƙe masa alkawari. Ban ce ka tada mota don ina marmarin Zabori ba, motocin haya sun cika tasha. Kuskure kowa na yi. So nake in ji ka faɗa da bakinka, sau ɗaya, in san wa zan aura. Sai ka tono Labo daga kabari ka ɗora masa."

A nan, ku masu karatu, dillali mai wayo zai yi kuka ya ce a yafe masa, sauri ne, ƙuruciya ce, tsoro ne ya sa shi ƙarya. Ƙofar a buɗe take, ita da kanta ta buɗe min. Na san ciniki, na san lokacin da mai kaya ke son a lallashe shi ya sallama. Amma ƙarar nan ta dawo min a kunne, ƙis, ƙis, ƙis, gogar da ban yi ba.

Na ce, "Ba sauri ba ne."

Ta juyo.

"Na auna. Reza ɗaya ta shiga, na gani da idona. Magagari na hannuna. Sai kika shigo garaji da kwanon abincinsa, da cikinki, da jan mayafi. Kika goge masa baƙin mai a kumatu da bakin mayafin. Kika ce min, sannu da aiki abokin ango. Da kuka fita na ajiye magagarin. Na ce bari ta cije masa a tsakiyar kasuwa, ya tura ana masa dariya, ya dawo ya roƙe ni. Ya ce min sai sati mai zuwa za ku tafi, zai fara zagaya gari da ita. Ban san za a aiko daga Zabori a ce ku taho washegari ba. Ban nufe shi da mutuwa ba, Zeinabu, Allah ya sani. Amma na nufe shi da sharri."

Ban taɓa kiran sunanta kai tsaye ba sai ranar.

Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta miƙa hannu ta ciro tasbahar daga madubi, ta naɗe ta a tafinta.

"Ya tafi yana maka uzuri," ta ce a hankali. "Ni ma ina ta yi maka."

Sai ta leƙa ta taga. "Nasiba! Zo ki karɓi makullin motar ubanki."

Nasiba ta zo, ta dubi uwarta, ta dube ni. Na sauka na miƙa mata. Kafin in saki na ce, "Ɗiyata, ba Labo ba ne. Ni ne. Sauran innarki za ta gaya miki." Ta karɓa. Ta ɗauko jarkar ruwa daga baya ta ajiye a gabana, ta shiga ta zauna a lotsawar nan, ta cika ta daidai. Bugu ɗaya motar ta tashi. Na tsaya ina karanta jan rubutun ƙofar baya har ya ƙanƙance.

Awa biyu na yi a gindin giginyar da ta karkace, ina kallon ciyawar da ya bi, kafin wani ɗan kabu-kabu ya zo ya mayar da ni Gaya.

In ana lissafin cinikin nan, Nasiba ta ci riba: ta samu motar ubanta tana tafiya kamar ranar da aka ƙera ta. Labo ya ci riba, an mayar masa da sunansa, jiya na je kabarinsa na gaya masa. Zeinabu ta yi asara, ta zo karɓar gaskiya ɗaya ta tafi da biyu, ta biyun kuma ta ƙwace mata uzurin da ya riƙe ta shekara talatin da huɗu. Ni kuwa, tun daga gindin giginyar nan ban sake jin ƙarar magagari ba. Ban sani ba ko riba ce, ko kuwa shi ma ya gaji da ni ne.

Ta ce a Zabori zan ji amsata. Ban kai Zabori ba, amma amsar ta taho daga can. Jiya bayan la'asar vokal ya shigo, da hotonta a gefe cikin atamfa mai zanen kifi. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu. Mace ba ta buƙatar minti huɗu ta ce a'a. Ba ta kuma buƙatar minti huɗu ta ce to.

Salular na nan kan benci kusa da rezojina. Na auna ta da ido ya fi sau ɗari. Har yanzu ban danna ba.